Kawu Mai Igiya da Baƙonsa

Mun kai Kawu makwancinsa da hantsi, ana tsakiyar noman farko, ƙasa da laima har masu haƙa ba su sha wuya ba. Daga Allah muke, wurinSa kuma za a tattara mu. Kowa ya faɗi haka, ni ma na faɗa. Amma da aka yi azahar aka dawo kan tabarmi a ƙofar gida, sai kowa ya kama ba da labarin nasa Kawun.

Liman ne ya fara. Ya ce shekara talatin yana jan salla a garin nan, bai taɓa waiwayawa don ya ga ko mutane sun taru ba. "In na ji 'hak!' daga ƙarshen sahu, can wajen ƙohwa, na san gari ya hallara, sai in tada kabbara. Yau na tsaya ina saurare kamar wawa, sai da ladan ya taɓa ni."

Wani dattijon Bafillace da ya taso tun daga rugarsu a ƙasa ya ce igiyar rijiyar da Kawu ya tufka masa ta ga bayan guga uku, har yau ba ta tsinke ba. Taubashiyarsa kuwa, wata tsohuwa da ba ta taɓa raga masa ba tun suna yara, ta leƙo daga zaure ta ce, "To, yau dai baƙon nan ya rasa masauki." Ta yi dariya, dariyar ta juye kuka, mata suka ja ta ciki.

Ni ban ce komai ba. Mutane suna zuwa suna dafa kafaɗata, suna cewa ai dole, shi ya rene ni. Gaskiya ne shi ya rene ni, amma ba wannan ne ya ɗaure mini baki ba. Akwai wata magana da na ɗauko masa daga Maradi wata bakwai kafin ranar, magana da za ta wanke shi daga laifin da ni da bakina na ɗora masa, kuma ban kai ba. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, don kada a manta da shi, kada kuma ni in samu damar mantawa da abin da na yi.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Garinmu ƙauye ne a ƙasar Gazawa, inda kaba ta fi ciyawa yawa, kuma sana'arsa bayan noma tufkar igiya ce: ta rijiya, ta ɗaure shanu, da dabaibayin jaki. Wanda bai san shi ba, in ya fara ganinsa sai ya ja da baya. Yana cikin magana sai ido ya ƙifta da ƙarfi sau uku, kafaɗar dama ta zabura sama kamar an tsikare shi, wani lokaci kuma wata ƙara ta kuɓuce daga maƙogwaronsa, hak! Sannan ya ci gaba da maganarsa daga inda ya tsaya. Shi wannan abin yake kira baƙonsa. In an tambaye shi lafiya, yakan ce, "Ni dai lahiya lau, baƙon ne ya tashi da rigima yau."

Ya gaya mini abin ya fara masa yana ɗan shekara bakwai. Malaminsu na allo ya ɗauka shaƙiyanci ne, ya sa bulala. Bulala ta ƙara abin, sai aka ce to iska ce. Babu hayaƙin da ba a turara shi da shi ba, babu gidan mai magani da ba a kai shi ba har tsallaken iyaka. Rubutu kuwa ya sha, har yakan ce, "Da cikina allo ne, da na yi sauka ukku." Kunnensa tarko ne, abin da ya ji sau biyu ya zauna ke nan. Amma da ya ɗauki alƙalami sai hannu ya fizge, tawada ta ɓata allon, na kusa da shi su fashe da dariya. A ƙarshe malamin ya ce wa kakana ya tafi da shi gona, yana hana 'ya'yan mutane karatu. Har ya mutu yana karanta surori masu tsawo da ka, amma bai iya rubuta sunansa ba.

Ina jin shi ya sa da mahaifina ya rasu, shi ya kama hannuna ya kai ni lakol, wato makarantar boko, alhali 'yan'uwa suna cewa a bar ni in taya shi noma. Na tuna ranar sarai. Yana tsaye gaban darakta, ya ɗaure fuska yana ƙoƙarin danne abin don kada ya ba ni kunya, gumi yana zubo masa. Ya yi nasara har aka rubuta sunana. Muna fitowa, bayan katangar lakol, sai abin ya ɓalle masa gaba ɗaya, kafaɗa da wuya da murya, ya daɗe yana yi yana riƙe da bishiya. Da ya lafa ya dube ni ya ce, "Ka gani? Haka yake. In ka hana shi ƙohwa, ta katanga yake hitowa." Sannan ya saya mini ƙuli-ƙuli.

Ya san halin baƙon nan kamar yadda makiyayi ya san saniyarsa. Ya san wurin da aka ce kowa ya yi shiru, nan ya fi son magana, shi ya sa a masallaci yake tsayawa ƙarshen sahu, a zaman makoki kuma yake shimfiɗa buzunsa nesa da mutane. Ya san in ransa ya ɓaci ko ya gaji, abin ya ƙaru. Ya san yakan yi wata biyu kamar ya tafi, sannan ya dawo da sabon salo. Kuma ya san maganinsa na ɗan lokaci. In ya zauna a rumfarsa, ya jiƙa kaba, ya danne bakin igiya da babban yatsan ƙafa ya fara murzawa tsakanin tafukansa, sai ka rantse ba shi ba ne. Yakan ce baƙon yana jin kunyar mai aiki.

Ba waliyyi ba ne, kada a ce na yi masa kwalliya don ya mutu. Yana da zuciya, kuma in ta hau ba ta sauka da wuri. Wani ɗan kasuwa a Gazawa ya taɓa ce masa, "Tsoho, ka daina yi mini haushi a kan kaya." Kawu ya naɗe igiyoyinsa tsaf, ya ce, "Ka taɓa hana kanka atishawa? To ni tawa atishawar shekara sittin ba ta ƙare ba. Kai kuwa rashin kunyarka da gangan kake yi." Bai ƙara sayar wa mutumin ko dabaibayi ba har abada, ko da ya aiko da ban-haƙuri sau biyu.

Na girma, na zama malamin lakol, aka yi sa'a aka ajiye ni a garinmu. Ɗiyata ta fari sunan mahaifiyata ta ci, don haka Kawu yake kiran ta Ƙanwata, ita kuma don tsaurin ido take ce masa Yaya. Da an tashi daga lakol, rumfarsa take nufa. Ya koya mata tsaga kaba, ta koya masa ƙirga da Faransanci, suna yi suna faɗa kamar sa'o'in juna.

Tana aji biyu ta fara ƙifta ido. Muka ce ciwon ido ne, aka ɗiga magani. Sai jan hanci ba mura. Wata ranar Juma'a, ina zaune da baƙi a ƙofar gidan Kawu, ta kawo mana ruwa, tana ajiye kwanon sai kafaɗarta ta zabura, ta ce hak! a gaban kowa, a gaban shi kansa. Ban san lokacin da na kwaɗa mata mari ba. A ganina kwaikwayon dattijo take yi, kuma ɗiyar malami.

Kawu ya riƙe mini hannu. Ya ce, "Kada ka ƙara. Ba kwaikwayo take ba. Na san shi in na gan shi."

A garinmu kowa ya tashi da jin cewa yaron da ke kwaikwayon mai in'ina, shi ma sai ya yi in'ina, kuma abin da ido ya yawaita kallo jiki yana ɗauka. Ni da nake tsayawa gaban allo ina yi wa yara dariyar irin waɗannan maganganu, ranar da abin ya shigo gidana hannu biyu na sa na rungume su. Ina neman wanda zan ɗora wa, ga kuma Kawu a kusa. Bayan kwana biyu na same shi a rumfa.

Na ce, "Kawu, yarinyar nan za ta daina zuwa nan."

Ya ce, "Don mi?"

"Kallonka take yi tana ɗauka."

Bai ɗago kai daga igiyar ba. Ya ce, "Kai da ka yi lakol, haka littahinku ya ce?"

"Ba sai littafi ya faɗa ba, ina da ido. Ni ba zan zauna ɗiyata ta zama abin dariyar gari ba."

Hannunsa ya tsaya. Ya ce, "Ƙarasa mana. Kamar ni."

Ban ƙarasa ba, ban kuma musa ba. Kafaɗar tana ta aikinta. Can ya ce, "To, na ji. Ɗiyarka ce. Amma don Allah kada ka riƙa ce mata ta bari. Duk sanda ka ce ta bari, hura ka dama ma baƙon. Ka aje ta bakin ƙohwa cikin aji, in ya cika mata ciki ta hita ta sauke ta dawo. In kuma kana so ka san abin da ta sani, tambaye ta da baki, kada ka dubi rubutunta."

Kun san abin da na ce wa mutumin da ya kai ni lakol? Na ce, "Kawu, aikin lakol ka bar mana, mu muka san shi."

A ƙarshen shekarar na nemi a sauya mini wurin aiki. Aka tura ni wani ƙauye a ƙasar Cadakori, can yamma da Maradi, na kwashe iyalina ina murna na raba ta da abin kallo. Na ajiye ta a bencin gaba, tsakiyar aji, daidai ƙarƙashin idon malamarta, na kuma roƙi malamar da kada ta raga mata.

Shekara uku muka yi muna azabtar da yarinyar nan, ni da malamarta, kowannenmu yana ganin gyara yake yi. In tana kwafe rubutu daga allo, kai ya fizge, ta ɓace layi, ta koma farko. 'Yan ajin su gama, ita tana layi na uku. Wani lokaci harafi ɗaya za ta yi ta bi da biro, wai bai zauna daidai ba, har takardar ta huje. Wani sabon salo ya zo mata na maimaita kalmar ƙarshe da malama ta faɗa, malama ta ce raini ne, ta sa ta durƙuso a rana. A aji tana zaune ƙam kamar gunki, amma da ta shigo gida sai ta fashe: ta jefar da kwano, ta daki ƙannenta, ta yi ta kuka ba dalili. Ta maimaita aji. Na ce lalaci ne, na hana ta fita wasa. Sau ɗaya ta yi ƙoƙarin yi mini bayani. Ta ce, "Baba, in ina riƙe shi, ba na jin komi da Madam ke hwaɗi." Na ce ta rufe mini baki.

Uwarta ce ta gaji. Ta ce, "Malam, shekara ukku ba ta sa Kawu a ido ba. In ɗauka ta yi, ai da ta aje." Ta matsa sai mun je asibiti a Maradi, muka je.

Lokotoron da muka gani bai yi gaggawa ba. Ya sa yarinyar ta yi ta magana, ya tambaye ta abin da take ji kafin kafaɗar ta zabura. Ta ce kamar ƙaiƙayi ne daga ciki, in ba ta yi ba sai ya yi ta taruwa. Ban taɓa tambayar ta haka ba. Sannan ya juyo gare ni ya ce abin yana da suna, ciwon Turet ake ce masa, daga yadda ƙwaƙwalwa ke aika saƙo ga jiki yake. Ba hauka ba ne, ba iska ba ce, ba ya rage basira. Yakan zo tare da wuyar tattara hankali, da naci a kan abu ɗaya, da saurin fushi bayan an daɗe ana dannewa. Da yawa yana yi musu sauƙi in sun girma, wasu kuma su tsufa da shi. Ya ce, "Akwai mai irinsa a danginku?"

Na ce akwai yayan mahaifiyata, kuma a wurinsa ta ɗauka, da kallo.

Ya ajiye bironsa. Ya ce, "Malam, ba a ɗaukar wannan da ido. Yakan dai bi jini. In ta wajen mahaifiyarka ne, to ta jikinka ya bi ya iske ta."

Da na tambayi abin yi, ya ce a daina ce mata ta bari, a ajiye ta kusa da ƙofa ta riƙa fita in ya matsa mata, a ƙara mata lokaci wajen rubutu, a riƙa tambayar ta da baki. Ina zaune ina jin maganar Kawu tana fitowa daga bakin mai farar riga, kusan kalma da kalma. Kunya ta kama ni har na kasa duban ɗiyata.

Mun bi shawarar, kuma Allah ya sa malamar ta karɓa. Cikin wata uku yarinyar da ake cewa daƙiƙiya ta zama ita ake tayarwa ta ba da amsar lissafi da ka. Abin bai tafi ba, amma ya daina cinye mata yini. Tun a hanyar dawowa daga Maradi ɗiyata ta ce mini, "Baba, ke nan ba Yaya ya sa mini ba? Sai mu hwaɗa mishi." Na ce za mu faɗa.

Daga nan na fara jan ƙafa. Na ce irin wannan magana ba ta waya ba ce, sai na je na durƙusa. Na ce bari a gama jarrabawa. Na ce bari a yi salla. Na aika masa da goro da sukari ta hannun direba, kamar goro yana magana. Gaskiyar ita ce girman kai ne: malami guda zai je gaban mai tufkar igiya ya ce na yi kuskure, kai ka fi ni sanin aikina. Sau ɗaya na kira wayar ɗansa, aka miƙa masa.

Ya ce, "Ƙanwata hwa?"

Na ce, "Lafiya lau, Kawu. Karatu ma ya fara kyau."

"Baƙon hwa?"

"Da sauƙi sosai."

Na ji ya sauke numfashi. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Ashe nisan ya yi amfani. Ka yi daidai, ɗana."

Ga ƙofa a buɗe, maganar tana kan harshena. Na ce a raina saura wata biyu hutu, zan je in faɗa masa ido da ido. Na ce masa ya gaida gida. Zazzaɓin kwana huɗu ya riga hutun zuwa.

Ranar sadakar uku, bayan an raba gumba mutane sun ragu, na shiga gaida matar Kawu, ɗiyata tana biye da ni. Tsohuwar ta jawo yarinyar jikinta tana shafa kanta, tana cewa ga ƙanwar maigida ta zama budurwa. Na tambaye ta yadda ya yi kwanakinsa na ƙarshe. Ba da niyyar soka ta ba ni amsa ba, don ba ta san komai game da Maradi ba. Ta ce ai tun shekarar da muka tashi ya sauya zama. Ya hana jikokinsa shiga rumfa. In an aiko yaro da hura, sai ya juya fuskarsa ga zana har yaron ya ajiye ya tafi. In mai ciki ta zo sayen igiya, ita yake turawa ta miƙa. Har jikansa na goye da aka haifa bara, bai yarda ya ɗauke shi ba sai an rufe wa jaririn fuska da zane. Ta ce ta yi masa faɗa, ya ce, "Na ɓata ɗaya, ba ni ƙara ɓata wani. Wanda ya yi karatu ne ya hwaɗa."

Shekara huɗu. Mutumin da yara suka fi so a garin nan ya yi shekara huɗu yana kallon zana saboda maganata.

Ya Allah, Kai ka san nauyin da bawanKa ya ɗauka tun yana ɗan shekara bakwai, da wanda na ƙara masa a tsufansa. Ka sauke masa duka, Ka ba shi hutun da jikinsa bai taɓa samu ba a duniya, Ka sa haƙurinsa ya zama haske a kabarinsa. Ni kuwa ban san da wane baki zan roƙa wa kaina ba.

Da muka fito zaure, ɗiyata ta tsaya. Ta ji duk abin da tsohuwar ta faɗa, kuma shekararta goma sha ɗaya, ba yarinyar da za a rufe wa magana ba ce.

Ta ce, "Baba, ba ka hwaɗa mishi abin da lokotoro ya ce ba?"

Na ce, "Ban faɗa ba."

Ta daɗe tana dubana. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba.

Ta ce, "Da ka ba ni wayar, ni da na hwaɗa mishi."